Katin da Baba Ya Saya

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo Daura ba aiki, sai na share shagon da ke jikin zauren gidanmu na ajiye kwamfuta ina buga wa mutane takardu. Katin gayyatar ɗaurin aure, takardar neman aiki, wani lokaci jarrabawar wata Islamiyya ta unguwarmu. Kwamfutar tsohuwa ce, irin wadda ofisoshin Turai ke gajiya da ita a kwaso a kawo mana. In ka kunna ta, sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ta gama farkawa. Amma tana buga takarda, kuma ba abin da na nema a wurinta da farko sai wannan.

Aikin ba ya wuce hantsi. Daga azahar zuwa la'asar ko akuya ba ta leƙo shagon. Wani abokina ne ya ga zaman ya yi mini yawa ya sa mini gem, wato wasan kwamfuta, na tuƙin babbar mota. Babu harbi, babu duka. Ka ɗauki kaya a wani garin Turawa ka kai wani garin, shi ke nan. A shekarun nan na shari'a duk matashin da aka ga ya ƙura wa allo ido yana danne-danne sai wani dattijo ya leƙo ya tambaya ko caca ce, to ni dai nawa ko liman ya gani ba abin da zai ce, sai dai ya ce ba ni da aikin yi, kuma da gaskiyarsa.

Mahaifinmu fataucin shanu ya yi tun kafin a haife ni. A karar Mai'adua babu wanda bai san hannunsa ba. Zai dafa tozon sa, ya shafa haƙarƙari, ya buɗe baki ya duba haƙora, sannan ya faɗi shekarunsa da irin abincin da ya ci ya girma, mai shi yana tsaye yana gyaɗa kai. Ya bi tirela zuwa Ikko sau ba adadi, yana zaune a saman katako, ƙahoni a ƙarƙashin ƙafarsa. Ciwon ido ne ya zaunar da shi. Hawan jinin ido, in ji likitan da muka gani a Kano, kuma bai ɓoye mana ba cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ta gefe ciwon ya fara ci, har Baba ya koma yana ganin duniya kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, daga baya ita ma kafar ta yi dishi-dishi.

Duk da haka bai daina zuwa kara ba, sai ranar da ya shafa wata karsana ya yaba ta ya ce ya saya, ashe idonta ɗaya fari ne fat. Kowa a wurin yana gani sai shi, kuma ba wanda ya ce uffan. Sai da aka kawo ta gida Inna ta lura. Yayana ya ce a mayar. Baba ya ce shi tun da yake bai taɓa cewa ya saya ya dawo ya ce ya fasa ba, aibin da ke fili kuwa laifin idon mai saye ne. Aka ɗaure karsanar a turke. Shi kuma bai sake taka kara ba.

Daga nan muka koyi wata ɗabi'a a gidan, ni da Inna da yayyena: duk abin da Baba ya faɗa, haka ne. In ya ɗaga kai ya ce hadari ya haɗo a gabas, sama kuwa fes, sai mu ce ai kuwa. In ya ce miya ba gishiri, a ƙara, ko da ta yi zau. Mu a ganinmu tausayi ne. Abin da ya rage wa mutumin nan shi ne yardar da ya yi cewa hannunsa bai mutu ba kuma har yanzu maganarsa tana da nauyi, ni kuwa ina tsoron ranar da wannan ma zai kuɓuce masa. Na fi tsoronta fiye da makantar kanta.

Ƙarar inji ce ta jawo shi shagon. Wata ranar bazara ina cikin tuƙi sai na ji sanda tana ƙwanƙwasa dokin ƙofa.

"Kai, wace mota ce ta shigo mana zaure?"

Na ce, "Ta cikin kwamfuta ce, Baba."

"Mai taya nawa?"

Ban taɓa ƙirgawa ba. Na juya hoton na ƙirga na faɗa masa. Ya ce to, babba ce, a ba shi kujera. Ya zauna dab da allon har hancinsa na neman taɓa gilashin. Bai daɗe ba ya ja baya ya dafe goshi.

"Wannan direban naka a ina ya koyi mota? Sai fizga yake yi. Da shanu ya ɗauko da sun karye tun kafin Kazaure."

Direban ni ne, amma laifin ba nawa ba ne. Kwamfutar ce ba ta iya zana hoton da sauri, sai motar ta tsaya cak, ta yi tsalle, ta sake tsayawa. Ni na saba, idona ya koyi cike giɓin. Shi da haske da inuwa kawai yake gani, fizgar nan jiri take sa shi. Na yi masa bayani cewa akwai wani kati da ake sakawa a cikin kwamfuta, katin hoto, masu gyara na ce masa girafik, aikinsa ke nan ya ɗauke mata nauyin zane. Sabo ba namu ba ne, amma akwai na hannu, tsofaffi, wajen wani mai gyara a bakin tasha.

Gaskiya na fi sati biyu ina wannan mafarkin kafin Baba ya shigo maganar. Na je shagon mai gyaran sau uku na kalli kati biyun da yake da su. Na karanta duk abin da wayata ta iya buɗowa a kansu. Na san amsar tun tuni, ina dai jan ƙafa ne saboda amsar ba ta yi mini daɗi ba.

"Gobe sai mu je," in ji Baba.

"Mu je?"

"Wa zai duba maka? Kai da ko ɗan akuya ba ka taɓa saye ba."

Washegari da hantsi ya fito cikin babbar riga, wadda ya fi wata shida bai sa ba, da hula, da turare. Inna ta bi shi da kallo har zaure, ta kalle ni. Na goya shi a babur. Tun da ya bar kara iyakarsa masallacin unguwa, amma ranar duk inda muka gifta sai ya faɗi inda muke, daga ƙamshin masu tuyar ƙosai, daga gangarar hanya, daga ƙarar maƙera. Bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, kuma na ji daɗin cewa haka ne ba tare da na yi ƙarya ba.

Mai gyaran mutumin Zango ne, a Kano ya koyi sana'ar, mai yawan fara'a. Ganin Baba ya miƙe ya ba shi bencinsa, suka gaisa har da tambayar mutanen gida. Sannan ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur ya ɗora katunan biyu.

Na farko ƙato ne, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya da rabi, baƙi, da fanka biyu a jikinsa da bututun jan ƙarfe masu lanƙwasa. A zamaninsa sarki ne. In na kalle shi sai in tafi tunani: wane ne ya fara sayensa, a wane ɗaki, da wane irin sanyi a bayan taga? Ƙurar da ke maƙale tsakanin ƙarafunansa ba irin tamu ba ce, toka-toka ce mai laushi, kuma har da wani dogon gashi ruwan zuma da ya nannaɗe a gindin fanka ɗaya. Wani ya yi shekaru yana yawo a duniyoyi da wannan abin, ya gaji, ya sayar, abin ya hau jirgin ruwa ya zo har bakin tashar Daura. Ina son sa, ba zan ɓoye ba.

Na biyun kuwa ɗan siriri ne kamar tafin hannu, ba fanka, sai wani farin ƙarfe mai tsaga-tsaga kamar mataji. Ba shi da kwarjini ko kaɗan. Amma shi ba ya cin wuta. Kwamfutata ta ofis ce, ɗan akwatin da ke raba wuta a cikinta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, an yi shi ne don buga wasiƙa, kuma ƙirarsa ta daban ce, ba a samun babba da zai shiga gurbinsa. Ƙaton ya fi ƙarfinta. Ƙaramin ne daidai da ita. Na sani, mai gyaran ma ya sani.

Baba ya ce a miƙo masa. Ya fara da ƙaramin. Ya ɗora shi a tafin hannu ya jinjina, ya juya shi, ya bi gefensa da babban yatsa, inda 'yan layukan ruwan zinariya suke, waɗanda ke shiga cikin kwamfuta.

"Haƙoransa ke nan?"

Mai gyaran ya yi dariya ya ce, "Kusan haka ne, Alhaji."

"Ba su ci ba. Yaro ne. Bai yi aiki ba, kuma ba zai yi mai yawa ba."

Ya ajiye ya karɓi babban da hannu biyu. Na ga fuskarsa ta canja. Ya shafa bayansa a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya sa ɗan yatsa ya kaɗa fanka ɗaya, ya kai kunne ya saurara har ta tsaya, ya kaɗa ɗayar. Ya kai hanci ya sansana.

"Bai taɓa ƙonewa ba," in ji shi. "An yi aiki da shi, amma mai shi ya kula da shi. Fankar hagu ta ɗan fi ta dama gajiya. Malam, tsakaninka da Allah, wanne ya fi ƙarfi?"

"Wannan na hannunka, Alhaji, nesa ba kusa ba. Kuma wallahi fankar hagun ce na ɗiga wa mai jiya."

Masu zaman shagon, mutum biyu da suka kawo gyaran waya, suka ce ikon Allah. Baba ya gyara zama. Rabon da in ga ya zauna haka, ƙirji a buɗe, tun ina bin sa kara ranar Lahadi.

Mai gyaran ya fara cewa, "Sai dai ita kwamfutar taku, Alhaji..." ya kallo ni. Nan ne ya kamata in yi magana. Kalma biyar ta isa. Amma a gidanmu ɗa ba ya sa baki in uba yana ciniki, ko da yana ganin rami a gabansa, balle a gaban baƙi, balle yau da aka ce ikon Allah saboda hannunsa. Na ɗan girgiza wa mai gyaran kai. Ya haɗiye sauran maganar.

Aka yi ciniki irin na kara. Baba ya taya, mai gyara ya ce albarka, Baba ya kushe fankar hagu, ya yunƙura kamar zai tashi, aka ce ya zauna. A ƙarshe mai gyaran ya miƙo hannu ya ce ya sallama, Baba ya ce ya saya, Allah ya sa albarka. Ya ƙi yarda in riƙe ledar. A cinyarsa katin ya zo gida.

Da ƙyar ya shiga. Sai da na cire murfin gefe na tura wayoyi can, na haɗa wata 'yar waya da mai gyaran ya cusa mini a aljihu yana kawar da kai. Na kunna. Fankokin suka tashi da wani gurnani, iska mai ɗumi ta fara fita ta bayan akwatin. Baba ya kai hannu wurin ya bar shi.

"Ka ji numfashi," in ji shi.

Na buɗe gem ɗin, sai na ga ashe ban taɓa ganin sa ba. Motar ta zame a kan kwalta kamar ana zuba mai. Kowace bishiya da inuwarta, inuwar kuma tana motsi. Ana yayyafi a garin, ɗigon ruwa na gangarowa a gilashin gaba, fitilun motocin da ke tahowa suna narkewa a jiƙaƙƙen titi. Can nesa duwatsu, a bayansu wasu duwatsun. Baba ya matso da fuska, haske yana tafiya a kanta lami lafiya, ba fizga. Ya ce, "Yawwa. Yanzu ka sami direba."

Ba mu yi minti biyar ba allon ya yi baƙi, fankokin suka yi shiru.

"Me ya faru?"

Na ce, "Wutar ce ba ƙarfi yau, Baba."

A Daura wannan magana ba ta buƙatar shaida. Ya ce haka masu wutar suke, ya tashi ya tafi alwalar la'asar. Bayan fitarsa na sake gwadawa sau uku. Duk sanda motar ta hau babban titi sai kwamfutar ta mutu, a na ukun har da ƙaurin roba. Na zauna ina kallon ƙaton nan a cikin ɗan akwatina. Lafiyarsa lau, duk abin da Baba ya faɗa a kansa gaskiya ne. Gidan da aka kawo shi ne ba zai iya ci da shi ba. In na faɗa, Baba ba zai yarda a mayar ba, tun da ba aibi, sai dai a ajiye shi a kan kanta ya zama karsana ta biyu, yana wucewa yana shafawa. Na ji ba zan iya ba.

Da sassafe, Baba na lazimi, na naɗe katin a cikin tsohuwar riga na koma bakin tasha. Mai gyaran na ganina ya fara dariya.

"Tun jiya na ware maka ƙaramin. Kai ma da ka bari na ƙarasa maganata."

"A gaban mutane?"

Ya daina dariyar. Ya ce shi ma yana da uba. Ya karɓa ya ba ni ƙaramin, na roƙe shi kada maganar ta fita, ya ce ba komai.

Ƙaramin ya shige gurbinsa ba gardama, murfi ya rufu. Motar ta tafi sumul, amma sai da na rage wa duniyar kaya. Na kashe inuwa. Na rage nisan da ake hangowa, duwatsun nan suka ɓace cikin wani farin hayaƙi. Bishiyoyi suka koma jefi-jefi, ciyawa ta zama shimfiɗaɗɗen kore kamar tabarmar roba. Da azahar Baba ya shigo, na ce wuta ta gyaru. Ya zauna, ya kai hannu bayan akwatin ya ɗan jima, sannan ya mayar da shi kan sandarsa ya ce mu tafi.

Haka muka yi sauran bazarar nan a kan hanya. Kullum bayan azahar, in akwai wuta, sai ya shigo da kofin furarsa, in rufe ƙofa rabi saboda rana, in tayar da mota. Garuruwan Turawan ba ruwansa da sunayensu, nasa yake sa musu. In mun fita daga gari ya ce mun bar Mai'adua. In na yi kwana ya ce Kazaure ke nan, in rage gudu akwai kasuwa. Zariya, Kaduna, sannan dogon dajin da ba kowa. In na ce ga gada, sai ya ce Jabba, ya yi shiru har mu haye, don a can, in ji shi, ko shanu shiru suke yi. Daga nan iska ke canjawa, ta yi nauyi, ta yi warin ganye. Ya gaya mini yadda ake sauka cikin tirela tana gudu in saniya ta kwanta, a murɗa mata wutsiya har ta tashi, in ba haka ba 'yan uwanta su tattake ta. Ya gaya mini wata mata a wani ƙauyen Yarabawa da ke ajiye musu ruwan zafi, ba ta jin Hausa, su ba sa jin nata, shekara da shekaru. Ban taɓa jin waɗannan ba. Zafin shagon, da gurnanin inji a sifika, da muryarsa, sai in rasa ko ni ke tuƙa shi ko shi ke tuƙa ni. Sau da yawa kiran la'asar ne ke dawo da mu, in ga ashe ko zauren ba mu bari ba.

Idonsa kuwa kullum ƙara ja baya yake, sai ya koma tambayata. Me ke dama? Me ke hagu? Ni kuma in duba in ga ba komai, don da hannuna na kwashe komai. Kunya ta sa na fara ƙari. Na mayar da duwatsun da baki. Na dasa bishiyoyi. Wata rana muna bin gefen wani kogi ya ce, "Irin wannan wuri ba a rasa dabba." Sai na ji bakina ya ce, "Ga su can kuwa, Baba, suna shan ruwa."

Ya miƙe zaune. "Guda nawa?"

"Bakwai."

"Farare ko jajaye?"

"Farare, sai ja guda ɗaya."

"Ƙahonta fa?"

Na ba ta dogayen ƙahoni masu buɗewa. Ya ce rahaji ce, me ya kai ta cikin farare, wataƙila sayo ta aka yi. Ya tambayi yadda take tsayuwa, na ce tana ɗan buɗe ƙafafun baya, don abin da ya zo bakina ke nan. Ya ce ciki gare ta. Daga ranar duk tafiya sai mun bi ta kogin nan. Na koyi hanyar da ke kai mu can daga kowane gari. Yakan sa in tsaya a gefen titi in kashe inji, ya tambayi lafiyar garken ɗaya bayan ɗaya, ya yi faɗa in na ce makiyayin ya bar su cikin rana. Jar kuwa cikinta na ta girma, ni nake ƙara shi kaɗan-kaɗan. Ina jin daɗi, ina kuma jin tsoro, kuma na kasa dainawa.

Ranar da hadarin farko ya haɗo na gaske, iska ta fara kaɗa ƙofar shagon, ƙamshin ƙasa ya shigo tun ruwan bai sauka ba. Ba a riga an ɗauke wuta ba. Mun tsaya a bakin kogin, na kashe inji. Shagon ya yi tsit. Baba ya sunkuya ya ɗora tafin hannunsa a bayan akwatin kwamfutar.

"Ina ka kai mai numfashin?"

Na ce, "Wanne, Baba?"

"Kada ka ƙara mini wata ƙarya a kan waccan. Wanda na saya da hannuna. Tun washegari na taɓa nan na ji sanyi. Na ce bari in ga kwana nawa yaron nan zai yi."

Na faɗa masa duka, kaina a ƙasa. Wutar da katin ke ci, da ɗan akwatin da ba zai iya ba, da girgiza kan da na yi wa mai gyara. Ya saurara bai katse ni ba.

"To shi katin, yadda na faɗa yake, ko ba haka ba?"

"Yadda ka faɗa yake, Baba. Ko ɗaya ba ka kuskure ba."

"Wannan ma 'haka ne' ɗin nan ce, irin taku?"

"Wallahi gaskiya ce."

Ya jinjina kai. "Wanda zai sayi bijimi ana gaya masa girman turkensa da abin da ke rumbu. Kai ka san gidan, ni na san dabbar. Da ka ce, Baba, ba za ta ɗauka ba, sai in ce a kawo ƙaramin, a wuce wurin. Wa zai raina ni don ɗana ya san abin da ban sani ba?" Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi. "Ran karsanar nan, mutum nawa ne a tsaye? Wasu tare muka yi ƙuruciya. Ba wanda ya ga na kai a ce mini, kai, duba idonta. Na dawo gida na tarar da irin wannan hali. In ce hadari, ku ce ai kuwa. Kuna tsammani ba na jin rana a fuskata?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar ƙarya kaɗai ba ce. Mun ɗauka muna tallafe shi ne, ashe mun bar shi shi kaɗai tun da daɗewa, yana magana ba mai mayar masa. Na ce ya yafe mini. Ruwan ya fara sauka a kan kwano, ɗai-ɗai, manya.

Can ya juya fuskarsa wajen allon.

"Kogin nan, akwai shi?"

"Akwai, Baba."

"Duwatsun fa?"

"Da wancan katin akwai. Da wannan ba a hango su."

"Shanun?"

Na kalli bakin kogin, koren fili fayau har inda hayaƙin ya fara.

"Babu, Baba. Ko ɗaya. Tun farko babu."

Ya daɗe yana murza kan sandarsa. Na ga leɓensa na motsi kamar mai ƙirga wani abu.

"Fararen nan shida ka kore su," in ji shi. "Daga yau abin da ke nan shi za ka faɗa mini, in na yi kuskure kuma ka ce na yi. Ita jar ka bar mini ita. Na san babu ita. Amma ta kusa haihuwa, ba a tayar da dabba a irin wannan hali."

Na ce to. Na goge idona da hannun riga, na tayar da inji, muka hau titi.